WALLACE NA WA? Nazari A Kan Ra'ayoyin Masu Karatu Game Da Littafin The Scottish Chiefs

1. Gabatarwa

Akwai littattafan da masana ke yabo amma jama'a ba su damu da karanta su ba, akwai kuma waɗanda jama'a ke karantawa har bangonsu ya yage, alhali masana suna ɗaga musu hanci. Littafin da wannan takarda za ta duba yana cikin kashi na biyu. Sunansa The Scottish Chiefs, watau Shugabannin Sukotland. Wata Baturiyar Ingila ce mai suna Jane Porter ta rubuta shi, aka buga shi a Landan cikin 1810, juzu'i biyar. Labarin da ke cikinsa na William Wallace ne, jarumin da ya ja mutanen Sukotland suka yi wa Sarki Edward na Ɗaya na Ingila tawaye a ƙarshen ƙarni na 13.

Tun fitowar littafin masu karatu suka rabu a kansa. Wasu sun ɗauke shi madubin halin kirki, har suna ba 'ya'yansu domin su yi koyi. Wasu kuwa sun ce an ɓata musu jaruminsu, an cire masa sulke an sa masa rigar zaman falo. Abin da a ke nufi a nan shi ne a jera waɗannan ra'ayoyi, a auna kowane da ma'aunin da mai shi ya yi aiki da shi. Za a ga cewa yawancin gardamar ta taso ne daga irin Wallace ɗin da kowane mai karatu ya riga ya riƙe a zuciyarsa tun bai buɗe littafin ba, kuma za a ga cewa aibin littafin na ainihi yana wani wuri dabam da inda aka fi nuna yatsa.

2. Mai littafin da labarin da ta bayar

An haifi Jane Porter a Durham, a arewacin Ingila, ta rasu a Bristol cikin 1850. Ubanta likitan soja ne. Da ya rasu cikin 1779 sai uwarsu ta kwashe su zuwa Edinbara, a can ta yi ƙuruciyarta. A muƙaddimar da ta rubuta wa bugun 1831 ta faɗi cewa a bakin wata tsohuwa maƙwabciyarsu, wadda a ke kira Luckie Forbes, ta fara jin labarun Wallace. Wannan abin lura ne, domin yana nuna cewa ta hanyar kunne jarumin ya shige ta kafin ta same shi a takarda. Kafin wannan littafi ta riga ta yi suna da Thaddeus of Warsaw na 1803, wanda shi ma labarin mai kishin ƙasa ne da aka ci ƙasarsa da yaƙi.

Labarin ya soma ne cikin 1296, bayan Edward ya mamaye Sukotland. Wallace ya koma gidansa na Ellerslie yana zaman lafiya da matarsa Marion. Aka damƙa masa amanar wani akwatin ƙarfe, aka ce kada a buɗe shi sai ranar da ƙasa ta sami 'yanci. A hanyarsa ta komawa gida ya tarar da sojan Ingila sun yi wa basaraken Mar taron dangi a garin Lanark, ya cece shi. Gwamnan Lanark, Heselrigge, ya zo nemansa bai same shi ba, Marion kuwa ta ƙi faɗin inda ya ke, sai ya soke ta da takobi tana da juna biyu. Wallace ya kashe Heselrigge, ya shiga duwatsu, mutane suka bi shi, ya yi ta cin garuruwa har ya karya rundunar Ingila a Stirling. Aka yi masa tayin sarauta ya ƙi, ya ce gadon yana da masu shi.

Mata biyu ne ke riƙe da sauran labarin. Ɗaya ita ce Helen, 'yar basaraken Mar, wadda ke son Wallace a ɓoye, so mai tsarki. Ɗayar kuwa kishiyar uwarta ce, Joanna, wadda ta neme shi da lalata ya ƙi ta, soyayyarta ta juye ƙiyayya, har ta yi shigar maza ta bi shi filin daga, daga baya ta yi masa ƙazafin cin amanar ƙasa. Hassadar manyan Sukotland ta raba shi da muƙaminsa, amininsa Monteith ya bashe shi. A kurkukun Landan aka ɗaura masa aure da Helen. Da aka kai shi wurin kisa sai ransa ya fita kafin hauni ya taɓa shi. Littafin ya ƙare da nasarar Robert Bruce a Bannockburn, aka buɗe akwatin aka tarar da kayan sarautar Sukotland a ciki, Helen kuma ta cika a kan akwatin gawar Wallace.

3. Abin da tarihi ya tabbatar

Kafin a saurari masu cewa littafin ya saɓa wa tarihi, ya kamata a san yawan abin da tarihin ya mallaka. Kaɗan ne ƙwarai. Sarki Alexander na Uku ya rasu cikin 1286, jikanyarsa Margaret da za ta gaje shi ta rasu cikin 1290, aka naɗa John Balliol cikin 1292, Edward ya tuɓe shi cikin 1296. A watan Mayu na 1297 Wallace ya kashe William Heselrig, wakilin Edward a Lanark. Ran 11 ga Satumba na shekarar, shi da Andrew Moray suka karya Ingilishi a gadar Stirling. Daga nan ya kai hari arewacin Ingila, ya ƙone ƙauyuka a Northumberland da Cumberland. Littafin tarihi na Lanercost ya ce an feɗe fatar Hugh Cressingham, ma'ajin Edward da ya mutu a Stirling, Wallace ya sa aka yanko masa wani ɓangare domin a yi masa maratayin takobi. Ran 22 ga Yuli 1298 Edward ya karya shi a Falkirk, ya sauka daga muƙamin Mai Tsaron Ƙasa, ya tafi Faransa neman taimako. Cikin Agusta 1305 John Menteith ya kama shi kusa da Glasgow. Ran 23 ga watan aka ja shi a ƙasa cikin Landan, aka rataye shi, aka farke cikinsa, aka sare kansa aka kafa bisa gadar Landan, aka raba jikinsa huɗu aka aika Newcastle da Berwick da Stirling da Perth. Yaƙin Bannockburn bai auku ba sai 1314, shekara tara bayan wannan.

Ba wata takarda ta zamaninsa da ta ambaci matarsa. Helen da Joanna, kamar yadda su ke a littafin, da akwatin ƙarfen, da auren kurkuku, da mutuwar da ta riga hauni, duk ƙagen Porter ne. Shekaru taran nan kuma ta matse su kamar 'yan watanni. Ita kanta ba ta ɓoye wannan ba, gama a bangon littafin ta kira shi da kalmar Turanci da ta yi daidai da hikaya, ta kuma amsa a muƙaddima cewa ta taɓa lissafin shekaru inda labari ya bukata.

4. Masu yabo

Kasuwar littafin ta buɗe tun daga farko. An sake buga shi sau da yawa a Ingila da Amurka cikin ƙarni na 19, aka kuma juya shi zuwa harsunan Turai. Joanna Baillie, marubuciyar wasan kwaikwayo 'yar Sukotland, da ta zo rubuta tata waƙar Wallace cikin 1821, ta ambaci littafin Porter a muƙaddima, ta ce ya cancanci farin jinin da ya samu. Wannan shaida tana da nauyi, domin ta nuna cewa ba dukan 'yan ƙasar ne suka ji an taɓa musu jarumi ba.

A Amurka, Andrew Jackson, wanda ya yi shugabancin ƙasar daga 1829 zuwa 1837, ya rubuta wa Andrew Jackson Donelson, ɗan ɗan'uwan matarsa da ya riƙa, yana yi masa wasicin ya karanta littafin, ya ɗauki Wallace abin koyi ga saurayi. Jackson soja ne da ya yaƙi Ingilishi a New Orleans cikin 1815, saboda haka ba a mamakin abin da ya ja shi. Abin da ya nema a littafin shi ne misalin mutum mai kishin ƙasa da riƙon amana, wanda hassadar manya ta kayar, ya kuwa samu.

Abin da ya fi ban mamaki shi ne yadda mutanen Ingila kansu suka rungumi littafin da kakanninsu ne azzalumai a cikinsa. Amsar tana cikin shekarar da ya fito. Ƙasashen biyu sun zama ɗaya tun 1707, cikin 1810 kuwa suna yaƙi tare da Napoleon, wanda ya riga ya haɗiye yawancin Turai. Mai karatu na wannan lokaci, in ya ga sarki mai ƙarfi ya taka ƙaramar ƙasa, ba Edward zai tuna ba, Napoleon zai tuna. Porter ta sauƙaƙa masa wannan, domin ta zuba Ingilishi na kirki a labarin, irin su basaraken Gloucester da ya tausaya wa Wallace a kurkuku, har laifin ya tsaya a kan zalunci, bai hau kan wata al'umma ba. Ta kuma faɗa da bakinta daga baya cewa hukumar Napoleon ta hana fassarar Faransanci fita. In haka ne, to, masu tace littattafai na Faris sun karanta shi kamar yadda mutanen Landan suka karanta, sai dai abin da ya faranta wa waɗannan shi ne ya tsorata waɗancan.

Cikin 1921 kamfanin Scribner na New York ya fitar da bugun da Kate Douglas Wiggin da 'yar'uwarta Nora Smith suka taƙaita, da zanen N. C. Wyeth, cikin 1950 kuma aka mai da shi mujallar hotuna a jerin Classics Illustrated. Wannan yabo ne mai kaifi biyu. Ya tsawaita ran littafin, amma ya sauke shi daga kantar manya zuwa ta yara, aka kuma yi ta datse dogayen jawabai domin a bar sara da suka. Mai karatun da ya san littafin ta wannan hanya ya san rabinsa ne kawai.

Idan aka haɗa waɗannan masu yabo, za a ga abu ɗaya ya haɗa su: ba wanda ya zo neman sanin yadda Sukotland ta ke cikin 1297. Kowa ya zo neman hali ne da zai ɗora a kan damuwar zamaninsa.

5. Masu kushe

Hukuncin da ya fi kowane yin tasiri shi ne na Sir Walter Scott. Bai rubuta shi da hannunsa ba. James Hogg ne ya ruwaito shi a littafin tunawa da Scott da ya fitar cikin 1834, shekara biyu bayan rasuwar Scott. Gwargwadon ruwayar Hogg, Scott ya yarda cewa akwai hazaƙa a aikin, amma ya ce Wallace na Porter ba nasu ba ne, taɓa jarumin wata ƙasa kuwa abu ne mai haɗari, kuma ba zai iya jure ganin an narkar da Wallace ya koma ɗan gaye mai ladabin fada ba.

Akwai gaskiya a wannan magana. Wallace na Porter ya kan zub da hawaye, ya kan durƙusa ya yi addu'a kafin yaƙi da bayansa, ya kan karɓi fursunoninsa kamar baƙi, ba ya kuma ɗaga murya ga mace ko da ta yi masa ƙazafi. Mutumin da Lanercost ya ba da labarinsa ba ya nan ko kaɗan. Amma sai a tambaya, wane ne Wallace ɗin da Scott ya kira nasu? An riga an ga cewa tarihi bai bar hoton halin mutumin ba, sai jerin yaƙe-yaƙe da ranar kisa. Wallace ɗin da mutanen Sukotland suka girma da shi na wani mawaƙi ne da a ke kira Blind Harry, watau Harry Makaho, wanda ya tsara doguwar waƙa a kansa wajen shekarun 1470, kimanin shekara ɗari da saba'in bayan kisan. Waƙar ta kusa layi dubu goma sha biyu, kwafin hannu guda ɗaya da ya saura kuwa na 1488 ne. Cikin 1722 William Hamilton na Gilbertfield ya sauƙaƙa harshenta, ta shiga gidajen talakawa. Robert Burns ya faɗa a wasiƙarsa ta 1787 zuwa ga Dokta John Moore cewa labarin Wallace na cikin littattafai biyu da ya fara karantawa, shi ne kuma ya zuba masa son Sukotland a jini.

To, Harry kuwa ya fi Porter sakin linzami. Ya ce ya samo labarinsa daga wani littafin Latin na John Blair, limamin Wallace, littafin da ba wanda ya taɓa gani. Ya ba da labarin babban yaƙi a Biggar wanda ba a yi ba. Ya kawo sarauniyar Ingila tana roƙon Wallace sulhu, alhali matar Edward ta farko ta rasu tun 1290, bai sake aure ba sai 1299. Ya ce sunan uban Wallace Malcolm, amma hatimin da ke jikin wasiƙar da Wallace da Moray suka aika wa fataken Lübeck cikin Oktoba 1297 ya nuna sunansa Alan. Ko sunan Marion bai shiga labarin ba sai a bugun ƙarni na 16. Jarumin Harry ƙato ne mai kisa ba ƙidaya, domin an tsara shi ne ga masu sauraro na ƙarni na 15 da ke ƙin duk wani shiri da Ingila.

Saboda haka gardamar Scott da Porter ba ta tarihi da ƙage ba ce. Ƙage biyu ne suka yi karo, tsoho da sabo, tsohon kuwa ya daɗe har an manta cewa wani ne ya ƙaga shi. Mai karatun da ya ce an canja masa Wallace ya faɗi gaskiya, sai dai wanda aka canja ɗin ma aikin hannu ne. Porter ta ɗauki ƙashin labarin daga Harry, ta zubar da jinin, ta zuba hawaye a gurbinsa. Kowane daga cikinsu ya ɗinka wa mutumin rigar da ta dace da masu sauraronsa.

Akwai kuma wani abin da ya ƙara wa hukuncin Scott ƙarfi, wanda ba shi da alaƙa da Wallace. Cikin 1814, shekara huɗu bayan littafin Porter, Scott ya fitar da Waverley, sunansa ya rufe na kowa a fagen ƙagaggen labarin tarihi. Da Porter ta nuna a muƙaddimar 1831 cewa ita ta riga shi shiga wannan fage, sai aka ɗauki maganar a kan cika baki. Masanin nan ɗan Hungary, Georg Lukács, a littafinsa na 1937, daga Waverley ya soma lissafi, ya kuma kafa ƙa'idar cewa gwanintar Scott ita ce ya sa matsakaicin mutum a tsakiyar labari, ya bar manyan tarihi a gefe suna leƙowa. Duk wanda ya karɓi wannan ƙa'ida ya gama yanke wa Porter hukunci tun bai karanta ta ba, gama ita babban mutumin ta sa a tsakiya. Scott kansa bai taɓa yin littafin hikaya a kan Wallace ba, sai dai ya ba da labarinsa ga yara a Tales of a Grandfather. Sai a 'yan shekarun baya aka koma duban al'amarin, musamman da bugun da Fiona Price ta shirya cikin 2007, da littafin Devoney Looser na 2022 a kan Jane da ƙanwarta Anna Maria, waɗanda suka mai da Porter cikin jerin waɗanda suka share wannan hanya.

6. Batun harshe

Akwai aibin da masu yabo ba su gani ba, masu kushe kuma suka ji shi a jikinsu ba tare da sun kira sunansa ba. Shi ne na harshe. Sukotland ta zamanin Wallace ƙasa ce mai harsuna da yawa. Ana jin Gelik a arewa da yamma, ana jin wani irin Ingilishi a kudu da cikin birane, wanda daga baya ya zama harshen Sukots, manyan sarakai suna jin Faransanci, a na kuma rubutu da Latin, kamar wasiƙar Lübeck da aka ambata. Ba wanda zai ce lalle marubuciyar 1810 ta kawo waɗannan duka. Amma ana sa ran a ji bambanci tsakanin bakin basarake da na bara, da tsakanin na tsoho da na yaro.

A littafin Porter kowa da murya ɗaya ya ke magana. Halbert, tsohon makaɗin gidan Wallace, da Edwin Ruthven, yaron da ya ba da ransa dominsa, da Helen, da Sarki Edward, duk suna jera dogayen jimloli na Ingilishin littafi, masu ƙawa, cike da kiran sunan Allah da na ƙasa. In an rufe sunan mai magana, da wuya a gane ko wane ne. Scott kuwa a nan ya yi fice. Edie Ochiltree, almajirin nan mai yawon bara na The Antiquary, da Cuddie Headrigg na Old Mortality, da Jeanie Deans ta The Heart of Midlothian, da harshen Sukots su ke magana, kowa kuma da irin nasa lafazin, har mai karatu ya san matsayin mutum da addininsa da garinsu daga jimla biyu. Ɗan Sukotland da ya buɗe littafin Porter zai ga sunayen duwatsunsa da kogunansa daidai, amma ba zai ji muryar kowa nasa ba. Mai yiwuwa ne wannan rashi, fiye da hawayen jarumin, shi ne ya sa aka ji Wallace ɗin baƙo ne.

Aibi na biyu ɗan'uwan na farko ne. Daga ranar da aka kashe Marion har ranar da ya mutu, Wallace bai sake ba. Ba ya shakka, ba ya kuskuren da zai yi nadama, jarrabawa kuma ba ta kama shi. Tun da ya ke mai karatu ya san amsar da zai bayar kafin a tambaye shi, sai juzu'i na uku da na huɗu su yi nauyi. Wannan ne dalilin da ya sa Joanna, muguwar labarin, ta fi kowa rai a cikinsa, domin ita kaɗai ce ke son abin da ba za ta samu ba, ta kuma yi ta sake dabara. Mai karatu na iya ƙinta, amma ba ya gajiya da ita.

7. Inda ƙarfin littafin ya ke

Duk da haka littafin da ya rayu fiye da ƙarni biyu ba a banza ya rayu ba. Ƙarfinsa na farko yana cikin ginin labarin. Akwatin da aka rufe a babin farko ba a buɗe shi ba sai a na ƙarshe, abin da ke ciki kuwa shi ne sarautar da Wallace ya yi ta ƙi. Watau ya ɗauki amanar abin da aka yi ta yi masa tayi, bai sani ba, ya kuma isar da shi ga mai shi bayan ransa. Wannan dabara ce mai kyau, ta kuma ɗaure ma'anar littafin duka a wuri ɗaya. Ƙarfinsa na biyu shi ne yadda ya nuna cewa abin da ya ka da Wallace daga cikin gida ya fito, daga hassadar manyan da ba su iya jure ganin ƙaramin mutum a gabansu ba. A nan Porter ba ta yi nisa da tarihi ba, tun da ya ke ɗan Sukotland ne ya miƙa shi ga Edward. Na uku, ta ba mata wuri a labarin yaƙi. Mutuwar Marion ce ta kunna tawayen, da ƙin maganarta ta sayi ran mijinta, Helen kuma ta bi shi har kurkuku lokacin da mazan da suka yi masa rantsuwa suka watse.

Hatta mutuwar da ta riga hauni, wadda masu kushe suka fi yi wa dariya, tana da hujja a cikin tsarin littafin. Edward ya so ya wulaƙanta jikin mutumin domin ya kashe sunansa. Porter ta hana shi wannan a takarda. Aikin mai kirari ke nan, kuma da ma'aunin kirari ya kamata a auna shi. Ba a tambayar maroƙi ranar da aka yi yaƙi, ana tambayarsa ne ko ya tsima mai sauraro. Littafin doguwar waƙar yabo ce da aka rubuta da zube, kyawunta da aibinta duk daga nan suka fito.

8. Kammalawa

Malamin da ke koyar da adabi zai sami darasi biyu a wannan tarihi na ra'ayoyi. Na farko, ra'ayin mai karatu shaida ce a kan mai karatun kafin ta zama shaida a kan littafin. Jackson ya ga kansa, mutanen Landan sun ga Napoleon, Scott ya nemi jarumin Harry bai gan shi ba. Haka kuma ta sake faruwa cikin 1995 da fim ɗin Braveheart, wanda ya koma ga Harry, ya yi yaƙin gadar Stirling ba gada, jama'a suka cika gidajen sinima, masana tarihi suna ta ƙorafi.

Na biyu, kafin a tuhumi littafi da saɓa wa tarihi, sai a fara tantance ko wane iri ne. Hausa ta raba tarihi da labari da hikaya da tatsuniya da kirari, kowane da abin da a ke nema gare shi. Ɗalibin da ya karanta Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, wanda aka buga cikin 1934, ya ga yadda labari ke tashi daga yaƙe-yaƙen zuwan Turawa ya faɗa ƙasar aljannu, bai kuwa ce an yi masa ƙarya ba, domin ya san abin da ya buɗe. Irin wannan adalci ne ya kamata a yi wa Jane Porter. Wanda ke neman Wallace na 1297 sai ya nufi hatimin Lübeck da littafin Lanercost, zai kuwa dawo da ɗan abin da bai cika tafin hannu ba. Wanda ke son ya san irin jarumin da mutanen Ingila da Sukotland da Amurka suka yi marmari a zamanin Napoleon da bayansa, The Scottish Chiefs zai nuna masa shi sarai, ko da ya ke da murya ɗaya tak.